Ba shayi da salula ke sa samarinmu farin ciki ba

Ranar Asabar da ta wuce na je suna a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram. Bayan an shafa fatiha an raba goro da dabino, muka koma inuwar katanga muna jiran rana ta ɗan yi sanyi. Can ƙetaren lungu wasu samari shida ko bakwai sun baza tabarma, butar shayi na kan gawayi. Ɗayansu ya faɗi wata magana, suka kwashe da dariya har wani yana dukan cinyar na kusa da shi.

Sai wani alhaji da ke gefena ya nuna su da carbi, ya kira ni da sunan da ake kiran malamin makaranta, ya ce: "Ka gan su nan, Mushe? Yaran yanzu ba su da wata damuwa. Ba su shayi, ba su salula da mega, shi ke nan ka gama musu duniya."

Aka yi dariya, wasu na cewa "gaskiya ne, Alhaji." Ni dai ban tanka ba, don sa'an mahaifina ne, kuma gidan suna ba wurin gardama ba ne. Amma maganar ta biyo ni har gida, ta hana ni barcin rana.

Abin da ya sa ta dame ni, na san ɗaya daga cikin yaran nan. Ni na koyar da shi lissafi a kwaleji. Ya ci bak ɗinsa, jarrabawar gama sakandare, shekara huɗu da suka wuce, kuma na san abin da ke cikin gidansu. In aka ce wannan yaron ba shi da damuwa, to, ba a san ma'anar damuwa ba.

Ga abin da na yarda da shi, in faɗe shi tun da wuri. Saurayi yana samun farin ciki ne ranar da ya tabbata ana ƙirgawa da shi. Ya tashi da safe yana da inda ake jiransa. Ya dawo da yamma da abin da zai miƙa a gida, komai ƙanƙantarsa. In ba ya nan a ce "ina wane?" saboda wani abu ya tsaya don rashinsa. Shayi da salula kuwa mafici ne a hannun mai zazzaɓi: yana rage zafi, ciwon yana nan.

Kwanon da ake rufewa

A gidanmu na koyi wannan, ba a takarda ba.

Ƙanena, autanmu, ya gama jami'a ya dawo gida ya zauna shekara biyu cur. A cikin shekarun nan ya ɗauki wata ɗabi'a da ta tayar wa Inna da hankali. Zai fice tun kafin a ɗora koko, ba zai dawo ba sai bayan isha'i, lokacin kowa ya ci ya wanke hannu. Inna takan rufe masa tuwonsa da faifai ta ajiye a zaure. Nan zai tsuguna cikin duhu ya ci, ya tura kwanon gefe, ya shige ɗaki.

Inna ta ɗauka raini ne, ko kuma ya fara shaye-shaye. Ta sa ni in bincike shi. Da na matsa masa, sai ya ce: "Yaya, da wane ido zan sa hannu a kwano ɗaya da Baba? Shi ya wuni a rana a Kasuwar Dole, ni na wuni ina ƙirga motocin da ke wucewa."

Duk wanda ya gan shi a fadarsu, wato majalisar da samari ke zaman shayi, a wancan lokaci zai rantse ba wanda ya kai shi annashuwa. Shi ne mai ba da dariya.

Daga baya wani abokin Baba mai haɗa wutar sola ya ɗauke shi yana riƙe masa tsani da waya. Ƙarshen wata na farko aka ba shi jika goma sha biyar. Ya sayo sabulu sanda uku, da sukari, da tiya biyu ta shinkafa, ya zo ya ajiye gaban Inna bai ce komai ba. Ta daɗe tana kallon ledar, sannan ta ce: "Allah ya yi maka albarka, Allah ya ba ka masu yi maka." Can sai na ga ta yanki sabulu ɗaya ta ba yarinya, ta ce a kai wa maƙwabciya, a ce mata auta ne ya sayo.

Daren nan a tsakar gida ya ci tuwo, ƙarƙashin fitila, yana gardamar ƙwallo da Baba har abinci na faɗo masa daga baki.

Jika goma sha biyar ko salula mai kyau ba ta saya. To mene ne ya canza?

"Ai kuɗi ne, Mushe, daina kwana-kwana"

Wannan ce amsar da abokaina ke fara ba ni, kuma ba zan ce babu gaskiya a cikinta ba. Mai yunwa ba ya jin wa'azi. Wanda uwarsa ke kwance ba kuɗin magani, in ka ce masa farin ciki ba a aljihu yake ba, ka ci zagi kuma kai ka ja.

Amma a duba da kyau. A garin nan akwai 'ya'yan masu hali da aka saya wa moto sabuwa dal, ana ba su kuɗin kashewa kullum, kuma su ne za ka tarar da tsakar rana idanu jawur sun sha tramol. Kuɗi bai yanke musu ba. Abin da suka rasa shi ne wanda zai ce musu "riƙe min shagon nan zan je Kano," ya kuma tafi da gaske bai bar mai gadinsu ba.

A duba kuma waɗanda suka tafi neman zinariya tun da aka gano ta a Jado a 2014, ko masu ci-rani a Libiya da Aljeriya. Wanda Allah ya ba sa'a ya dawo da wani abu, me yake fara yi? Ragon layya ga uba, atamfa ga uwa, gyaran katangar da damina ta kayar, sai buhun sukari ga fada. Mutane na cewa almubazzaranci ne, wata uku kuɗin sun ƙare. Wataƙila. Ni abin da nake gani, yaro ne ke sayen abin da ya daɗe yana ƙishirwa: a gan shi yana bayarwa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce hannun sama ya fi hannun ƙasa alheri. Saurayi yana jin wannan a jikinsa ko bai taɓa jin hadisin ba. Dala ashirin da ya samo da guminsa da jika biyar da aka miƙo masa tare da tsaki, ɗanɗanonsu ba ɗaya ba ne.

'Yan ruwa-ruwa, masu sayar da man da ake shigowa da shi daga Najeriya, su ma shaida ne. Zama bakin gudron cikin rana, kwalaben isansi jere a kan katako, warin mai a tufafi, ga haɗarin gobara kullum. Ba sana'ar da uwa ke yi wa ɗanta addu'ar samu ba ce. Amma da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023, sannan iyaka ta rufe bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, da yawansu suka nannaɗe tebur. Na ga wasu a unguwarmu bayan haka. Aljihu ya bushe, wannan kowa ya sani. Abin da ya ba ni tausayi shi ne har tafiyarsu ta canza. Da can mutum na tsayawa da moto ya kira sunansu. Yanzu ba mai kira.

Fada ba ita ce cutar ba

Dattawa na kiranta zaman kashe wando. Ni ma na kashe nawa wandon a wata fada a Zango, shekara biyar, kafin in samu aikin koyarwa na kwantiragi, don haka ba labari aka ba ni ba.

Fada ba daga sama ta faɗo ba. Zamanin Seyni Kountché akwai Samariya: sarkin samari, gayya, gina azuzuwa, share unguwa, wasanni. Ana iya cewa gwamnatin soja ce ke amfani da ita don riƙe mutane, kuma haka ne. Amma saurayi na wancan lokaci yana da gurbi, yana da wanda zai tambaye shi in bai fito ba. Kountché ya rasu a 1987, aka yi Taron Ƙasa a 1991, Samariya ta watse. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa gida biyu. Zamanin da mai takarda ke gama karatu ya tarar da aikin gwamnati na jiransa ya wuce. Samari suka waiga ba inda za su, suka shimfiɗa tabarma a bakin titi.

Wanda ke wucewa a mota shayi kawai yake gani. Wanda ya zauna ya san fada tana da shugaba, tana da ma'aji, tana da doka da tara. Mai shayi ma muƙami ne. Ka dube shi yadda yake fifita gawayi, ya ɗaga buta sama ya tsiyayo a ɗan kofi, ya mayar, ya sake, har kumfa ta tsaya. Na farko mai ɗaci, na biyu daidai, na uku zaƙi zalla. Ba ya gaggawa, don in shayi ya ƙare me za a yi da sauran dare? Kuma in ya yi tafiya kwana biyu, ranar da ya dawo zai ji ana cewa "wallahi tun da ka tafi ba mu sha shayi ba, ruwan zafi muke sha." Wataƙila a duk duniya nan ne kaɗai wurin da ake jin rashinsa.

Ranar da mahaifin ɗaya daga cikinmu ya rasu, mu muka haƙa kabari, mu muka ɗauko benci da tabarmi, mu muka yi ta jigilar ruwa kwana uku. Da damina ta ci hanyar unguwa, mu muka cika buhuna da yashi. Ba wanda ya biya mu. Kuma in ka tambaye ni ranakun da na fi jin daɗi a shekarun nan biyar, su ne waɗannan, ba darukan belot ba.

Ba na rufe ido ga ɓarnar. Kowa a Damagaram ya san 'yan pale, gungun samari masu tada zaune tsaye, ya san faɗan unguwa da unguwa, da adda, da tare 'yan mata, da ƙwaya. Wanda aka taɓa fasa wa kai ba zai so jin wani bayani ba, kuma yana da hujja. Amma ko yaron da ke ɗaga ƙarfe da curin siminti a Kara-Kara, yana kumbura ƙirji, suna yake nema. Ya ga ba za a girmama shi ba, sai ya zaɓi a ji tsoronsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma masu neman ƙuri'a sun fi kowa sanin inda tsagar take. Lokacin kamfe suna zuwa da shayi da sukari da riga mai hoto. Wata biyu yaro yana jin shi wani ne. Ana gama zaɓe lambar ta daina shiga.

Na tuna watannin da ake shirin bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamba 2018, wanda aka kira Zinder Sabuwa. Ko'ina gini, ko'ina kwaɓa siminti da shafa fenti. Da rana sai ka wuce fadoji da dama ka tarar tabarma a naɗe. Ba wa'azi aka yi musu ba, ba kuma 'yan sanda ne suka kore su ba.

Salula fa?

A nan ba zan daɗe ba. Salula tana ba da dariya, tana rage dare, wasu ma har ciniki suke yi da ita a WhatsApp, su sayar da takalma ko turare. Amma ga mai zaman jira, tana ƙara gishiri ne a miki. Da can talaka da maƙwabcinsa yake auna kansa. Yanzu yaron da bai karya kumallo ba yana kwance yana kallon sa'ansa a TikTok cikin mota a Dubai. Ya kashe salular ya dubi rufin ɗakinsu. Wannan ne Alhaji ke kira an gama masa duniya?

"Su yi haƙuri, su gode wa Allah"

Wannan ita ce hujjar da ta fi nauyi, don daga addini aka ɗauko ta. Gaskiya ne wadata ita ce wadatar zuci. Na ga masu dukiya da ba sa barci, na ga mai turin garuwa da ke waƙa. Saurayin da ya riƙe sallarsa yana da wata natsuwa da ba a saye a kanti, kuma ba zan musa ba.

Sai dai Annabin da ya koya mana wadatar zuci shi ne ya ce mutum ya ɗauki igiyarsa ya yo itace ya sayar, ya fi masa alheri a kan ya roƙi mutane. Ba a ce ya zauna ya yi murmushi ba. Kuma haƙuri yana da daɗin bayarwa in cikinka a cike yake. Mutumin da ya yi aure yana shekara ashirin, da gonar gado da sadaki mai sauƙi, shi ne yau ke ce wa mai shekara talatin ya yi haƙuri, alhali shi ne kuma zai tsawwala lefe ranar da aka zo neman 'yarsa.

Ko a masallacin ma, duba su wa ke cikin nishaɗi da azumi. Yaran da ke share harabar, masu shimfiɗa tabarmi, masu raba kunu da ƙanƙara lokacin buɗa-baki. An ba su abin yi, liman ya san sunansu.

'Yan mata sun gyara min lissafi

Duk abin da na faɗa zuwa nan samari ne, don su ke bakin titi, su ido ke gani. Da na karanta wa matata abin da na fara rubutawa, sai ta yi dariya ta ce: "Malam, in dai a bukace ka ne farin ciki, ai da 'yan matan garin nan sun fi kowa jin daɗi a duniya."

Ta kama ni. Yarinya a Damagaram ba ta rasa mai kiranta. Tun asuba ana kiranta. Garin da ya yi suna da ƙarancin ruwa, ita ce ke layin bido a bakin famfo, wani lokaci da tsakar dare in ruwan ya ga dama ya zo. Ita ce daka, ita ce reno, ita ce talla. Ana bukatarta har ta gaji. Abin da ba a yi shi ne a ƙirga aikin, a ce sannu, a tambaye ta me take so.

In aka tashi maganar farin cikinta kuma, amsa ɗaya ce: aure. A ƙasar nan kusan uku cikin kowace 'ya mace huɗu ana aurar da su kafin su cika shekara 18. Wasu suna so, ba na musu. Amma nawa aka tambaya?

Akwai 'yar yayata da ta koyi yin alkaki wajen kakarta. Ta fara da kwano ɗaya, yanzu masu biki na aiko mata tun mako biyu kafin rana. Ranar da ta biya wa ƙanenta kuɗin rajistar jarrabawar birbe daga asusunta, ta yi ta zagaya tsakar gida ba dalili, tana gyara abin da ba ya bukatar gyara. Aikin da take yi bai fi na da yawa ba. Bambancin, yanzu in ana shawara a gidan ana cewa "bari ta zo." Ba mamaki tsarin asusun Mata Masu Dubara, da ya faro a yankin Maraɗi a 1991, ya bazu har wajen Nijar. Mace na zuwa taro da 'yan kuɗinta, tana da murya, ana rubuta sunanta.

Don haka na gyara maganata. A bukace ka kaɗai bai isa ba. Sai an kuma yarda cewa kai ne ka yi.

Ga alhazan da ke bakin katanga

Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. Waɗanda ke kan tabarma yau kaɗan ne a kan masu zuwa. Gwamnati na da nata nauyin, babba kuwa, amma kada mu ruɗi kanmu. Matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011 tana tace ganga 20,000 a rana, sai dai matata aikin inji ce, ba za ta kwashe samarin Garin Malam da Sabon Gari ba ko an ninka ta. Yamai kuma tana nesa da mu kusan kilomita 900. Kafin takarda ta je ta dawo, yaro ya hau motar Agadas.

Akwai abin da ke hannunmu. Mai shago, mai gareji, tela, baduku, mai ɗinkin hula: in ka ɗauki yaro koyon sana'a, ka koya masa da gaske, kada ya shekara uku yana sayo maka abinci. Ka ba shi wani abu ƙarshen mako ko kaɗan ne, don ya shiga gida da leda. Magajin gari da masu unguwa, in za a yashe magudanar ruwa kafin damina, ga fadoji nan da shugabanninsu da ma'ajinsu, a yi yarjejeniya da su a biya su a fili. Iyayen 'yan mata su sassauta lefe. Uba kuma ya daina kiran ɗansa "mara amfani" a gaban ƙannensa. Wannan kalmar na kashe abin da tramol ma bai kashe ba.

An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Na yarda. Amma babba ma sai ya duba sannan yake hangowa, kuma daga ƙetaren lungu haƙora kawai ake gani.

Jiya da la'asar na sake bi ta Birni da gangan. Suna nan inda na bar su. Ɗalibin nawa ya hango ni, ya miƙe da sauri ya ɓoye karta a bayansa kamar har yanzu muna aji. Suka matsa min a tabarma, aka ba ni kofin farko, mai ɗacin. Muka taɓa hirar kokowa, wa zai iya dawo mana da takobi Damagaram, aka yi ta musu a kan ko za a sake yin kamar Balla Harouna.

Da na tashi tafiya ya rako ni har bakin hanya. Sai da muka yi nisa da sauran ya rage murya, ya ce: "Mushe, don Allah in ka ji wani aiki, ko dako ne, ka tuna da ni."

Na ce ya ba ni lambarsa. Ya ce salular tana wajen mai gyara wata biyu ke nan, bai samu kuɗin karɓowa ba. Ya rubuta min ta abokinsa a bayan takardar shayi. Tana nan cikin aljihun rigata.